Kuben Makullan Baba Kacau

Mahaifinmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana riƙe da makullan wani bene mai hawa uku a bakin babban titi. Ƙasa shaguna ne, hawa na biyu na teloli da wani mai kemis, na uku ofisoshi. Can saman rufi kuma tankunan ruwa ne da wani ɗan ɗaki da ake jibge tarkace a ciki. Shi ke buɗe get da safe, shi ke rufewa bayan magariba, shi ke tada injin ruwa, shi ke duba mita. In kana son ganin ɓacin ransa, ka kira shi mai gadi. Zai tsaya ya gyara maka zance: ginin ba shi da mai gadi, shi mai kula da gini ne.

Ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Baba Kacau kowa ya sani, kuma makullan ne suka ja masa. Guda ashirin da uku ne, jere a wata kakkaurar waya da ya lanƙwasa da hannunsa. In ya taso, tun daga bakin layinmu za mu ji kacau, kacau, kacau, mu watse daga gaban talabijin kowa ya rarumi littafi. Kowane makulli da zarensa a kai, Ummanmu ce ke ƙulla masa da ragowar zaren ɗinkinta: ja na ɗakin mita, kore na injin ruwa, shuɗi na saman rufi. Ƙullinta daban yake, sau biyu take zagayawa sannan ta bar ɗan jela. Ko a duhu Baba zai cusa hannu a aljihu ya zaro wanda yake so.

Doka ɗaya gare shi, ba ya ba kowa aron makulli. Ɗan mai ginin ma ya taɓa cewa a ba shi na saman rufi na minti goma, Baba ya ce sai dai ya raka shi. Ya hau da shi, ya tsaya a kansa har ya gama, suka sauko tare.

Amma fa makullan sun ci masa tufafi. Babu wandon Baba da aljihun damansa bai sha faci ba, wani faci kan faci har ya yi tauri kamar fata. Cinyarsa ta dama kuwa ta yi baƙin kanta, inda ƙarafan ke gugarsa. Umma ta yi mita har ta gaji.

Ni ce auta, kuma ni na jawo abin da ya biyo baya. Ina aiki a wani shagon kayan waya, sai wata rana aka kawo mana wani ɗan abu a cikin kwali. Faranti ne na ƙarfe guda biyu, tsawon yatsa da rabi, da noti ɗaya a kowane gefe. Za ka zura makullanka a jikin notin, ka ɗaure, su kwanta a tsakani lub kamar wuƙar nan mai naɗewa. In kana son ɗaya ka turo shi waje, in ka gama ka mayar. Ba ƙara, ba tsini. Ina gani na ce wannan na Baba ne. Na zaɓi mafi girma, mai dogayen noti.

Baba ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Auta, wannan ai kube ne. Kube kika sayo wa makulli?"

Sunan da ya bi abin ke nan a gidanmu. Umma ta ce a gwada ko wandunan da suka rage za su huta. Notin ƙanana ne, babu sukudireban da zai kama su a gida, sai Baba ya ce mu kai wa Mai Agogo.

Mai Agogo aminin Baba ne, sa'ansa, shekara ashirin suna tare a ginin. Teburinsa mai gilashi yana gindin matakala. Siriri ne, mai tsabta, ba ka ganin rigarsa da datti, kullum da ɗan gilashin nan na duba cikin agogo a rataye a ƙirjinsa. Sana'ar ta ja baya tun da kowa ya koma duba lokaci a waya, amma kullum yana nan. Da safe Baba zai gama zagayensa na ƙasa ya dawo ya tarar da shi har ya goge tebur, sai ya ce, "Kai dai mutumina akwai sammako." Su sha shayi tare. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba su haihu ba. Abin da muka sani yana haya a can bayan gari.

Ranar na bi Baba don in nuna yadda ake haɗawa. Mai Agogo ya saka gilashi a ido ya duba kuben ciki da waje. Sannan ya ajiye.

"Kacau, in shawara kake nema, kar ka sa."

Na ce, "Haba Baffa, me ya sa? Duba fa yadda zai kwanta a aljihu. Ba zai yaga masa wando ba, ba zai ci masa cinya ba, kuma ba wanda zai ji ƙara ya san yana ɗauke da makullan gini guda."

"Duk na ji, 'yata. To amma zaren nan sai an cire, don kan makullan zai shige ciki. Ya zai gane ja daga kore? Na biyu, wayar nan da hannu ɗaya yake sarrafa ta, wannan kuwa sai hannu biyu. Na uku, noti ne. Ni na san noti. Duk abin da ake juyawa sau hamsin a rana, wata rana zai kwance. Kuma abin ya cika ƙanƙanta. Wayar in ta faɗi, unguwa guda za ta ji. Wannan zai sulale daga aljihu ya tafi abinsa shiru."

Na ce za a jera su bi da bi, ƙasa zuwa sama, Baba zai haddace. Baba ya yi dariya ya ce, "Kai tsufa ne ke damunka, ba ka son sabon abu. Yarinya ta yi mini kyauta, ɗaura mini."

Na tuna yadda Mai Agogo ya riƙa jinkiri lokacin da yake yanke zaren da reza. Na ɗauka tsufan ne. Ya jera makullai ashirin, ya sa 'yan zobban ƙarfe a tsakaninsu, ya ɗaure. Uku suka ƙi shiga, na janareta mai ƙaton kan roba da wasu dogaye biyu na banɗaki, su Baba ya ɗaure da igiya ya sa a ɗaya aljihun. Da ya miƙe ya taka, shiru. Shi kansa sai da ya tsaya ya lalubi cinyarsa.

Satin farko Baba kamar an rage masa shekara goma. Ya fito da wandon da ya daɗe yana adanawa ya saka. Ya ce ashe haka mutane ke zama a kujera ba tare da sun karkace ba. Ya riƙa zaro kuben a gaban mutane yana buɗewa yana rufewa.

Sati na biyu ya fara dawowa gida da labarai, idonsa a waje. Ya hau hawa na uku ya tarar da sakatariyar wani lauya ta jona risho na lantarki a ƙarƙashin tebur tana dafa abinci, abin da aka hana tun tale-tale. Ya tarar da mai askin ginin a bayan matakala ya cusa cokula a aljihu yana kwaikwayon tafiyarsa, teloli suna kwance da dariya. Matar nan ta saki cokali, mai aski kuwa ƙamewa ya yi, ƙafa ɗaya a sama.

"Shekara talatin," in ji Baba, "ina cewa ginina babu mai karya doka. Ashe ji na suke yi tun daga get!"

Muka yi ta dariya. Umma ce kawai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ko dai ka koma wa wayarka? Mutane ba sa son a riƙa faɗo musu kamar aljani." Baba ya ce wanda ba ya laifi me zai ji wa tsoro.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ban ga komai da idona ba sai daga baya, amma na ji daga bakin Baba, na kuma ji daga bakin Mai Ɗinki, wata bazawara mai shago a hawa na biyu, kuma labarin nasu ya zo ɗaya.

Kullum Baba kan ɗauki kusan rabin awa a ƙasa kafin ya hau sama: ya buɗe get, ya duba mita, ya tada injin. Ranar kuwa hankalinsa na kan magudanar rufi, yana tsoron ta toshe ruwa ya sauko wa lauya a kan takardu. Yana buɗe get ya miƙe sama. A ƙarshen matakala akwai ƙofar ƙarfe mai sanduna, mariƙinta ya karye tun da daɗewa, in ta bugu sai ta kulle kanta, kuma sai da makulli ta ko wane ɓangare. Ya buɗe ta ya fita rufin. Ya cire ganye da ledoji daga magudana. Sai ya ce bari ya ɗauko tsintsiyar kwakwa a ɗakin tarkace.

Ya tura makulli, ya ƙi shiga. Akwai wani makullin a ramin ta ciki.

Ya ja baya ya ɗauki guntun bututu, ya daki ƙofar da kafaɗa. Katakon ya riga ya ruɓe, bugu biyu ta buɗe.

Tabarma ce a shimfiɗe tsakanin tsofaffin allunan talla. Buta, kofi, kwanon abinci a rufe, riguna biyu a rataye a ƙusa cikin leda. Agogon ƙararrawa guda uku a jere a kan bulo, duk suna tafiya. A kan tabarmar kuma mutum ne a dunƙule cikin bargo jiƙaƙƙe, ruwa na ɗigo masa daga silin.

"Wane ne? Ka tashi ko in rotsa maka kai!"

Ba motsi. Baba ya sa bututun ya yaye bargon.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Mai Agogo ne. Jikinsa zafi kamar garwashi, haƙoransa na haɗuwa, idonsa a buɗe amma ba ya gane kowa. Baba ya ce bututun faɗuwa ya yi daga hannunsa bai sani ba. Ya kalli rigunan, ya san su. Ya kalli kwanon, shi ma kamar ya san shi, amma kansa ya ƙi ɗaukar maganar. Ya durƙusa yana girgiza shi yana cewa, "Me kake yi a nan? Ta ina ka shigo? Ni na rufe get jiya! Ni na rufe da hannuna!"

Da ya ga ba amsa, sai ya saɓe shi a baya. Mutumin ba nauyi, kamar ɗamin kara. Suna isa bakin matakala ya tarar iska ta riga ta bugo ƙofar ƙarfen. Ta kulle.

Hannunsa na hagu yana tallafe da mara lafiya, ƙasa kuwa ruwa ne ya taru har idon sawu, ba wurin ajiye shi. Ya zaro kuben da dama. Ya tura da babban yatsa, makullan suka fito uku a manne. Hannun kuma a jiƙe yake. Duk kansu ɗaya, ba ja ba shuɗi, lissafin ƙasa zuwa sama da ya haddace ya gudu daga kansa. Ya sa haƙori ya fizgi ɗaya. Notin nan da ya sha juyi sati biyu ya ce ga garinku. Farantan suka rabu, makullai goma na wannan gefen suka zube ta tsakanin sanduna, suka bi matakala suna tsalle har ƙasa.

Baba ya manna fuska a sandunan ya ƙwalla ihu. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya a ginin ba.

Allah ya sa Mai Ɗinki ta yi sammako ranar, tana da kayan da za a karɓa. Ta ji ruwan ƙarfe a matakala, ta ji ihu, ta hau a guje tana tsintar makullai tana zubawa a gyale. Mai kemis na bayanta. Ta iso ta gan su ta bayan sanduna, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah, jikin ne ya tashi? Tun jiya na ce masa ya sha magani!"

"Gwada makullan!" in ji Baba.

Ta gwada na farko, na biyu, na uku. Biyu ko uku sun faɗa can ƙarƙashin matakala ba ta same su ba. Ta gwada na biyar, sai ta watsar da su ta ce, "Baba, bar wannan! Duba wuyansa, nasa yana rataye a wuyansa!"

Baba ya ce a duk ranar, babu abin da ya dake shi kamar wannan magana. Ya kalle ta. Ya kalli mai kemis, mai kemis ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya tambaya me Mai Agogo yake yi a saman rufi da sanyin safiya. Baba ya juya bayansa ga sandunan, Mai Ɗinki ta zura hannu cikin rigar mutumin ta jawo igiya. Makulli ne, sabon yanka, ba na asali ba. A kansa akwai shuɗin zare, an zagaya sau biyu an bar ɗan jela.

Aka buɗe, aka sauko da shi, mai kemis ya tare tasi. A asibiti suka ce sanyi ne ya kama masa huhu, da an ƙara wuni ɗaya da sai dai wani labarin. Nan aka kira ni a waya. Na tarar da Baba a kan benci, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya dunƙule makullin nan a hannu. Yana ganina ya ce, "Auta, mu je gida."

Umma na tsakar gida tana wanki. Baba bai yi sallama ba. Ya buɗe tafin hannunsa a gabanta.

Ta kalli makullin, ta tsame hannu daga kumfa ta goge a zani. "Yana da rai?"

"Yana da rai. Ke kuma ki faɗa mini yadda zarenki ya je wuyansa."

Ni dai jingina na yi da bango. Umma ta jawo kujera ta zauna.

"Ka tuna lokacin da aka yi maka aikin ido, makullan suka kwana uku a gida, direban Hajiya mai ginin na buɗe gini da nata? Mai Agogo ya zo duba ka. Na ga rigar jikinsa ita ce ta shekaranjiya, ga jaka a hannunsa ya ƙi ajiyewa. Na tsare shi a bakin ƙofa sai da ya faɗa. An rushe gidan da yake haya za a faɗaɗa titi. Kwana goma sha ɗaya yana kwana a barandar shaguna. Ɗakin waje a lokacin babban ɗanka ne a ciki da matarsa. Na ce bari in gaya maka, ya haɗa ni da Allah kar in yi. Ya ce ya san ka: in ka yarda ka ci amanar aikinka, in ka ƙi kuma ba za ka ƙara iya haɗa ido da shi ba. Ni na ɗauki makullan biyu, na ƙofar rufi da na ɗakin tarkace, na kai aka yanka. Ya ce wata ɗaya ne."

"Aikin idona shekara huɗu ke nan!"

"Shekara huɗu da wata biyu."

"Kwanon fa?"

"Namu ne. Mai Ɗinki ke biyowa ta karɓa in za ta fita."

Baba ya zauna a bakin rijiya daɓas. Ya cire hula ya riƙe. Na ɗauka faɗa zai yi kan amana, kan satar makulli, kan an mayar da shi abin dariya a ginin da yake taƙama da shi. Da ya buɗe baki, ba wannan ya faɗa ba.

"Shekara huɗu ina sa kwaɗo biyu a get da mutum a ciki. In ja in tabbatar ya kama, in taho gida in ci abinci in kwanta. Da wuta ta tashi fa? Waccan matar da rishonta a ƙarƙashin tebur! Da ya mutu a can sama, wa ya kashe shi? Ni fa na kulle shi. Da hannun nan."

Umma ta fara kuka. Ta ce ko da ɗakin waje ya zama babu kowa bara, ta roƙi Mai Agogo ya dawo cikinsa, ya ce da wane ido zai dubi Kacau ya yi masa bayani. Ta ce tun ranar da aka ɗaura kuben ba ta yi barcin kirki ba, domin ƙarar makullan ce ke tashinsa tun daga get, ya naɗe tabarma ya cusa kayansa cikin tsohon tankin da ya fashe, ya lallaɓo ya sauko lokacin da Baba ke ɗakin injin. In Baba ya nufi sama da rana ma, telolin kan ji su aika a duba ko an bar wani abu a fili. Da ƙarar ta ɗauke, sai ya koma dogara da agogunan ƙararrawa, yana tashi tun duhu ya zauna a matakala cikin sanyi yana jiran ƙarar get.

A nan ne na gane ni ma ina da hannu a ciwon nan, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Washegari Baba ya tattara makullan duka a cikin leda, har da yankakkun biyu, ya tafi gidan Hajiya mai ginin. Umma ta ce ya bari ƙura ta lafa. Ya ce abin da ya faru a gininta, daga bakinsa za ta fara ji. Ya ce in raka shi.

Hajiya dattijuwa ce mai faɗa, mijinta ne ya ɗauki Baba aiki kafin ya rasu. Ta saurara baki buɗe, carbinta ya tsaya a hannu.

"A ginina? A saman kan lauya? Shekara huɗu? Kai kuma kana ina?"

"Ina nan, Hajiya. Kullum ina nan. Ban gani ba."

"Wa ya yanka masa makulli?"

"Daga gidana aka yanka. Laifin nawa ne, ni aka ba wa riƙo." Ya ajiye ledar a gabanta. "Ga su. In kin ga a ba wani, ba zan ce an zalunce ni ba."

Ta yi faɗa sosai. Ta ce da gobara ta tashi ita hukuma za ta kama. Ta ce duk 'yan hayar nan munafukai ne, za ta kore su ɗaya bayan ɗaya. Ta tashi ta shiga ciki, muna jiyo ta tana ci gaba da faɗan ita kaɗai. Da ta dawo ta tsaya a kan ledar ta ture ta da ƙafa zuwa gaban Baba.

"Ɗauki tarkacenka. Wa zan ba? A canja makullin sama yau ɗin nan, a gyara mariƙin ƙofar nan, a kwashe rishon waccan matar. Shi kuma in ya warke teburinsa na nan, amma ya ƙara hawa ko taki ɗaya sama da hawa na biyu, ku duka biyun za ku bar mini gini." Har mun kai ƙofa ta ce, "Wane asibitin ne?"

Kwana goma sha biyu Mai Agogo ya yi a kwance. Baba bai je ba ko sau ɗaya, amma shi ya share ɗakin waje da kansa, ya ɗauko katifa, ya kira kafinta ya gyara taga. Ranar sallama ni ya aika in taho da shi. A cikin tasi Mai Agogo ya ce in sauke shi a tasha kawai. Na ce Baba ya ce in na dawo ni kaɗai kar in shigar masa gida.

Sun fi wata guda a gida ɗaya ba mai ce wa wani uffan bayan gaisuwa. Baba ya daina shan shayin safe gaba ɗaya. A ginin ma ya daina wasa da kowa, Mai Ɗinki in ta hango shi sai ta shige shago. Umma kuwa kullum tana ajiye abinci ana ɗauka ba a ce mata sannu ba.

Kuben yana kan taga a warwatse, ba wanda ya taɓa shi. Makullan gini sun koma kan waya. Wata rana da Mai Agogo ya ɗan ji ƙarfi ya ce in miƙo masa. Ya haɗa shi, ya ɗiga wa notin ɗan gam don kada ya sake kwancewa, ya jera makullan gidanmu guda biyar a ciki, ya karɓi jan farcena ya ɗiga wa kowanne alama a gefe. Ya ce, "Abin ba shi da laifi, 'yata. Na mai makulli biyar ne, ba na mai ashirin ba." Umma ce ke riƙe da shi har yau, ta ce jakarta ta huta.

Shirin nasu ya zo ne wata ranar hutu da hantsi. Mai Agogo ya fito da jakarsa ya tsaya a gaban Baba, ya ce ya gode, zai tafi, ya isa haka. Baba na zaune yana yanke farce, bai ɗago ba.

"Za ka ina?"

"Allah na nan."

"Allah na nan a saman rufin wa kuma?" Baba ya ajiye rezar. "Zauna. Ni ba kwanan da ka yi ne ya dame ni ba. Kullum da safe ina ce maka kana da sammako, kana amsawa. Kullum da yamma ka ce mini sai gobe, ka zagaya ka hau sama, ka tsaya kana jin ina sa maka kwaɗo. Shekara ashirin muna shan shayi kofi ɗaya, ka rasa wanda za ka ji wa kunya sai ni?"

Mai Agogo ya sauke jakar ƙasa. Ya zauna a kanta ya rufe fuska da hula. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ke, a ɗora mana ruwan zafi." Maganar kirki ta farko ke nan da ya yi wa Umma tun ranar, ta kuwa tashi da sauri har tana tuntuɓe da bokiti.

A cikin hirar ranar ne muka ji yana da ƙanwa a wani gari mai nisa, wadda duk wata yake kira ya ce mata lafiya lau, aiki na tafiya. Baba ya karɓi lambar ya ba ni. Da na gaya mata, sai na ji ta fasa kuka tana cewa, "Yaya? Yayana? A kan rufi?" Kwana biyu ta iso da mijinta. Ta ce akwai ɗaki a gidansu da ba kowa, kuma ba za ta koma ba sai da shi. Ya yi gardama, Baba ma ya ce a bar masa shi, ta ce sun yi nasu, saura nata.

Teburin mai gilashi aka ɗaure a saman mota. Baba ya raka su tasha, ya tsaya sai da motar ta cika ta tashi. Mai Agogo ya yi shekara uku a wurin ƙanwarsa, yana gyaran agogon maƙwabta a ƙofar gida, kafin Allah ya karɓi abinsa. Baba ya je jana'izar, ya kwana biyu, karo na farko da ya yi tafiya mai nisa tun ina yarinya. Shekarar da ta biyo baya gwiwoyinsa suka gaza hawa bene, ya ajiye aikin.